In kamfani ya gina mana titin kewaye a Katsina ya riƙa karɓar kuɗi, mu yarda ko mu ƙi?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu sanin harkar tituna da masu sanin harkar kuɗi, don Allah a yi man bayani yadda zan gane. Tun watan Fabrairun 2025 da aka fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya har Makurɗi, ƙaramar mota naira 500, jif 800, bas 1,000, manyan motoci 1,600, kuma a kowane tolget sai ka biya ba wai sau ɗaya ba, nike ta tunanin abin nan ko ba daɗe ko ba jima sai ya iso mu.

To ga garinmu yana ta faɗaɗa, duk wanda ya san hanyar Batsari ko hanyar Mani ko bayan Kwaɗo shekaru goma baya in ya je yanzu ba zai gane wurin ba, gidaje sun cinye gonaki, titin zoben da ake ganin bayan gari ne ya zama tsakiyar gari. Tirelolin da ke tasowa daga Kano za su Jibia da Maraɗi kuma dole sai sun goga kafaɗa da 'yan kurkura da 'yan makaranta. An yi gadar ƙasa a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da kuɗin gwamnati, Allah saka, amma kuɗin gwamnati nawa ne, ga albashi ga tsaro ga asibiti ga makarantu.

Tambayata ita ce, a ce wani kamfani ko wani attajiri ya zo ya ce ni zan gina sabon titi mai hannu biyu da zai kewaye gari, da fitilu da magudanai, da kuɗina, zan riƙa gyara shi, amma a bar ni in karɓi kuɗin wucewa shekara 25 sannan in miƙa ma gwamnati. Mu yarda? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga a yarda, don abin da nike kai ma bakanike da mai faci a wata ya fi abin da tolget zai ci man. Amma ina son in san wa ke yanke farashin, kuma ya za a yi da 'yan kurkura da masu mashin, kuma in kamfanin ya gaza a tsakiya wa zai ɗauki asarar.

Injiniya Batagarawa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta yi kyau, kuma ta ƙarshen nan da ka yi, wa zai ɗauki asarar, ita ce gaba ɗayan maganar.

Bari in fara da Legas tunda nan ne aka gwada abin a cikin gari da gaske. A 2006 gwamnatin Legas ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da kamfanin Lekki Concession Company, a faɗaɗa hanyar Lekki zuwa Epe wajen kilomita 49, kamfani ya nemo kuɗi ya yi aiki ya karɓi kuɗin wucewa. A Disambar 2011 aka fara karɓa a tolget na farko, mazauna unguwar suka fito zanga-zanga don a cewarsu ba a gama aikin ba kuma ba a ba su wata hanya ta kirki da za su bi kyauta ba, mutum zai fita gidansa ya kai yara makaranta sai ya biya. Tolget na biyu an gina shi amma gwamnati ta kasa barin a fara karɓa saboda tsoron fushin jama'a. Kamfani kuma da lissafin waɗannan kuɗin ya ciwo bashi. Ƙarshenta a 2013 gwamnatin Legas ta sanar za ta saye yarjejeniyar, shekara 30 ta koma bakwai, bashin ya dawo wuyan jiha. Bayan abin da ya faru a tolget ɗin ranar 20 ga Oktoba 2020 lokacin EndSARS kuwa karɓar kuɗin ma tsayawa ta yi. Wannan fa Lekki ce, unguwar masu hali, inda motoci ba su yankewa dare da rana.

Na biyu hanyar Legas zuwa Ibadan. Zamanin marigayi Malam Umaru Musa, Allah jiƙan shi, a 2009 aka ba kamfanin Bi-Courtney ita na shekara 25. Shekara uku ana jira aikin bai tafi yadda aka tsara ba, a Nuwamban 2012 gwamnatin Jonathan ta soke, aka dawo aka ba Julius Berger da RCC kwangila da kuɗin gwamnati. Hanyar da ta fi kowace hanya cunkoso a ƙasar nan kenan.

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafi, na misali ne kawai don ka ga yadda mai jari ke tunani. Mu ƙaddara titin ya ci biliyan 30. Mu ƙaddara mota 5,000 na bi kullum kowace ta biya 500, miliyan biyu da rabi kenan a rana, a shekara bai cika biliyan ɗaya ba. To in daga bankunan gida ya ranto kuɗin, alhali a ƙarshen 2024 ruwan da Babban Banki ya tsayar ma kashi 27.5 ne balle abin da bankin kasuwa zai ɗora, ko a kashi 25 aka ba shi, ruwan bashin kaɗai biliyan bakwai da rabi ne duk shekara. Ba a yi maganar uwar kuɗi ba, ba albashin ma'aikata ba gyara ba ribar shi. In kuma dala ya ranto don ruwanta ya fi sauƙi, to naira yake karɓa a tolget, ka tuna yadda naira ta faɗi daga Yunin 2023, bashin sai ya ninka yana zaune.

Shi ya sa duk kamfanin da ya zo ma gari irin namu da wannan tayin, ba zai zo haka nan ba, zai ce gwamnati ta sa hannu cewa in motoci ba su kai adadi kaza ba za ta cika mashi giɓin. Da zarar an sa hannu a wannan, to bashi ne jiha ta ci, an dai canza mashi suna, kuma ku da jikokinku za ku biya ta hanya biyu, a tolget da kuma a baitulmali. Ni ban ƙi 'yan kasuwa su shigo harkar titi ba wlh, aikina ne, na san yadda titin gwamnati ke lalacewa don ba wanda aljihunsa ke ciwo in rami ya fito. Amma titin cikin gari a Katsina a yau ba zai biya kansa ba.

Direban Jibia:

Salamu alaikum. Yallaɓai injiniya ka yi magana ta ilimi, ni bari in yi ta tasha.

Ni na yi zamani da tolget na da, ina yaron mota lokacin, na bakin Kaduna in za ka Abuja har yau wurin sunan shi kenan Tolget ko da babu ginin. Muna biya ana ba mu ɗan tikiti wani lokacin ma ba tikitin, kuma ramin da ke gaban tolget ɗin yana nan bara yana nan bana. Obasanjo da kan shi ya sa aka rushe su wajen farkon 2004 kuma dalilin da aka bada shi ne kuɗin ba su isa inda ya kamata. To mi ya canza? Mutanen ne dai mu.

Kuma ku da ke cewa 500 ba komi ba ce, ku zo ku zauna gaban mota kwana guda. Kahin in tashi tasha na biya kuɗin layi na biya kamasho, a hanya ga shingaye kowa ya san adadinsu tsakanin nan da boda kuma kowa ya san abin da ake yi a wurin ba sai na hwaɗa ba, ga mai tun da aka cire tallahi a Mayun 2023 kusan rabin abin da na samu gidan mai yake komawa, ga balas na mai mota da yamma ko an samu ko ba a samu ba. In aka ƙara man tolget ni ba daga aljihuna zan hidda ba, kan fasinja zan raba, tsohuwar da za ta asibiti da ɗan buhun gerenta ita za ta biya. Wanda zai ji daɗin titin shi ne mai jif da gilashi a rufe.

Amma don Allah kar a ce na ƙi gaskiya, in ka ƙetara Nijar ta Ɗan Isa za ka Maraɗi akwai peyaj, wato tolget ɗinsu, muna biya, ana ba ka takarda kuma kuɗin a rubuce yake ba ciniki, in ka nuna takardar nan ba wanda zai sake tambayar ka ita. Irin wannan ba ya man ciwo. Abin da ke man ciwo a ce na biya na hukuma kuma na biya na bayan hukuma. In za a ɗauke shingayen nan duka a bar man tolget guda mai rasit, gobe da sahe ni zan fara biya. Amma a bar su kuma a ƙaro wani, a'a wlh ban yarda ba.

Hajiya Mai Atamfa, Daura:

Sannunku da ƙoƙari. Malam direba gaskiyarka, mu da ke saro kaya Kantin Kwari mu kawo Daura mu kai Mai'aduwa ranar Lahadi mun san duk naira ɗaya da aka ƙara ma mota a kan turmin atamfa take sauka, kuma mai saye ba ta san da wani tolget ba, cewa za ta yi Hajiya kin cika tsada.

Ni abin da nike so in ƙara, ƙanena mai tambaya, ka bambanta titin da mutum zai zaɓa ya bi da titin da aka tare mashi. In sabon titi ne aka fasa a daji inda babu, mai sauri ya bi ya biya, marar hali ya bi tsohuwar hanya kyauta, wannan ciniki ne ba zalunci, kamar mai kwalekwale ne ya ce kawo kuɗin fito in ƙetarar da kai. Amma hanyar da kakanninmu ke bi, gwamnati ta zuba mata kwalta da kuɗin jama'a, a zo a yi mata kwaskwarima a kafa ƙofa a ce sai an biya, wannan ko wane malami ka tambaya zai ce maka da sake. Kuma a cikin gari mace za ta kai yaro asibiti cikin dare, ko a ɗauko gawa za a maƙabarta, a tsaya ana neman kati ko canji? Haba. A bar shi can bayan gari ga masu tirela in ma za a yi.

Abu Fatima:

Ina gaida iyayena da yayyena da suka yi magana. Ni ɓangaren kuɗi nike aiki, zan ɗan ƙara kan abin da injiniya ya kawo.

Game da kurkura da mashin da aka tambaya, tsarin da majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shi a Agustan 2021 lokacin Fashola na ministan ayyuka ya cire keke da mashin da mai ƙafa uku daga biya, kuma ya ce hanya mai hannu biyu kaɗai za a sa ma tolget. A wancan tsarin ƙaramar mota 200 ce, tirela 500. Ka duba zuwa 2025 da aka fara a hanyar Makurɗi ƙaramar mota ta zama 500. Wato farashi ba ya zama wuri ɗaya, kuma yawanci cikin yarjejeniya ake rubuta yadda za a riƙa ƙara shi gwargwadon tsadar rayuwa. Sai dai wancan na hanyoyin tarayya ne, su ne ICRC, hukumar kula da irin waɗannan yarjejeniyoyi na gwamnati da kamfanoni, ke sa ma ido a ƙarƙashin dokar 2005. In titin jiha ne to dokar jiha da abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya su ne za su yi aiki, shi ya sa takardar nan ta fi kwaltar muhimmanci.

Akwai wani sharaɗi da kamfanoni ke son cusawa wanda Hajiya ya kamata ki sani, tunda kin yi maganar tsohuwar hanya ta kyauta. Sukan nemi gwamnati ta yi alkawarin ba za ta gina ko ta inganta wata hanya da za ta yi gogayya da tasu ba har wa'adin ya cika, in ta yi sai ta biya su diyya. Kin ga kenan hanyar talakan na iya zama a lalace shekara ashirin da gangan don a tura mutane tolget. Duk yarjejeniyar da ke da wannan ni ina adawa da ita ko wa ya kawo ta.

A waje akwai inda abin ya tafi akwai inda ya ƙi. Nairobi ta Kenya kamfanin China Road and Bridge ya gina babban titi mai kusan kilomita 27, wani sashen shi a sama, da kuɗinsa, aka buɗe a 2022, ya ratsa ta filin jirgi zuwa cikin gari, tsohon titin na nan a ƙasa kyauta, mai gaggawar kama jirgi ya hau sama ya biya. Dakar ma kamfanin Eiffage na Faransa na riƙe da titin Dakar zuwa garin Diamniadio da aka buɗe a 2013, amma a can gwamnati da masu ba da lamuni na ƙasa da ƙasa ne suka ɗauki kaso mai yawa na kuɗin ginin, ba kamfanin kaɗai ba. Afirka ta Kudu kuma aka sa ma titunan da mutanen Johannesburg da Pretoria suka saba bi kyauta na'urar cajin kuɗi a Disambar 2013, jama'a suka ƙi biya ƙiri-ƙiri shekara da shekaru, a Afrilun 2024 aka kashe tsarin, bashin ya koma kan gwamnati. Maganar Hajiya ce dai ta fito, sabon titi mutane na haƙuri, tsohon titi ba su yafewa.

Kuma ba tolget kaɗai ne hanyar shigo da kuɗin 'yan kasuwa ba. Akwai Sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2017 da biliyan 100 aka raba ma ayyukan tituna 25, kuna ganin allunan shi a gefen hanyoyi, mutane na zuba kuɗi ana ba su ladan haya maimakon ruwa, da yawan mutanenmu da ke gudun riba sun saya. Jihar Osun ma ta taɓa fitar da nata tun 2013, kenan jiha na iya yi. Akwai kuma tsarin da Buhari ya sa ma hannu a 2019, kamfani ya gina titi a cire mashi daga harajin da zai biya, da irin shi Dangote ya yi hanyar Apapa zuwa Oshodi, kamfanin iskar gas na NLNG ya yi ta Bodo zuwa Bonny a jihar Ribas. Matsalar shi kamfani inda kayan shi ke bi yake zaɓa, mu kuma manyan masana'antu ba su yi mana yawa ba. Duka biyun dai a ƙarshe jama'a ke biya, amma ba a tsayar da kowa a hanya.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai, Allah ƙara sani. Lissafin injiniya ya sanyaya man jiki gaskiya. To amma yallaɓai in aka bi shawarar Hajiya, a bar ƙananan motoci da kurkura su wuce kyauta a caji tireloli da tankoki kaɗai, tunda su ne ke kashe titin kuma su ne ke kashe mutane a cikin gari, shi ma ba zai yiwu ba? Ga tashar tsandauri ta Funtua an buɗe, kaya za su ƙaru a hanyoyin jihar nan.

Injiniya Batagarawa:

Wannan ya fi kusa da adalci, kuma ilimin aikin na bayan ka. Ɓarnar da mota ke ma kwalta ba daidai da nauyinta take ƙaruwa ba, in nauyin da ke kan gatari ɗaya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, ya ninka biyu ɓarnar na ninkawa wajen sau 16. Tirela ɗaya da aka yi ma lodin wuce ƙa'ida da siminti ko taki ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Don haka ni in za a kafa wani abu a bakin gari, sikelin auna manyan motoci zan fara kafawa kafin tolget, wanda ya wuce ƙa'ida ya sauke kaya ko ya biya tara mai zafi, kuma kuɗin su shiga asusun gyaran titi da ake buga lissafin shi kowa ya gani.

Amma kuɗin tireloli zai iya riƙe gyara ne kawai, ba zai biya ginin ba. Kuma ka tuna da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da Mota-Engil ke yi, wanda aka aza harsashin shi a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura da nan Katsina da Jibia zai bi. Ranar da ya fara ɗaukar kaya wani kaso na tirelolin nan zai ragu a hanya, mai jari ya san da haka kuma zai sa shi cikin sharuɗɗan shi. Ga boda, an rufe ta a 2019 an sake rufewa a 2023, duk lokacin da aka rufe hanyar Jibia tsit take yi, wa zai biya kamfani kuɗin waɗannan watannin?

Abin da nike ganin zai yi aiki a nan, gwamnati ta gina da kuɗinta ko da Sukuk, sannan a ba kamfani kwangilar kula da titin na shekara biyar zuwa bakwai, a riƙa biyan shi gwargwadon lafiyar titin, rami ya kwana bakwai ba a cike ba a yanke mashi kuɗi, fitila ta mutu a yanke, magudana ta toshe kafin damina a yanke. In wa'adi ya cika a sake buɗe takara. Kuma kafin a sa hannu a kan kowace irin yarjejeniya a kai ta majalisar jiha a karanta a fili, a kira 'yan yuniyan ɗin direbobi da 'yan kurkura da 'yan kasuwa su ji da kunnensu. Malam direba in an kira irin wannan zaman don Allah ku je da lissafin abin da kuke kashewa a kowane sawu a rubuce, tun daga kuɗin layi har na shingaye, don injiniyoyi da ma'aikatan banki ba su da wannan lissafin.

Direban Jibia:

In sun kira mu za mu je yallaɓai, lissahin na nan cikin kai ko cikin barci aka tashe ni. Sikelin nan kuma a sa mai na'ura wanda ke rubuta nauyi da kan shi ya tura ofis, kar a bar shi hannun mutum ɗaya da biro.